Hoto da Isnadinsa: Amfani da Taskokin Hotuna da Finafinai wajen Koyar da Tarihin Nguru da Gashuwa

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda malamin tarihi a arewacin Jihar Yobe zai ci moriyar taskokin hotuna da finafinai, wato ma'adanan da ake tara hotuna da majigi da muryoyi a tsara su domin mai nema, wajen koyar da tarihin ƙasashen Nguru da Bade. Maƙalar ta nuna cewa yawancin abin da ke cikin waɗannan taskoki baƙi ne suka ɗauka domin bukatun kansu, kuma a nesa yake ajiye, don haka amfaninsa a aji ya rataya ne a kan koya wa ɗalibi bin diddigin asalin hoto kafin ya karɓi abin da hoton ke nunawa.

Gabatarwa

Tun daga zangon karatu na 2009/2010 aka daina koyar da tarihi a matsayin darasi mai zaman kansa a makarantun firamare da ƙananan sakandare na Nijeriya, aka cusa ɗan abin da ya rage a cikin darasin nazarin zamantakewa, har zuwa 2018 lokacin da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da sabuwar manhajar da hukumar NERDC ta tsara domin dawo da shi. Manhajar ƙasa dole ta yi magana da ƙasa baki ɗaya, saboda haka littattafan da aka rubuta a kanta sun fi ba da ƙarfi ga manyan dauloli irin su Kanem-Borno da Sakkwato da Oyo da Binin, yayin da yaron da ke zaune a aji a Nguru ko Gashuwa zai iya kammala karatunsa bai ji an ambaci garinsu a darasi ba, alhali kuwa ƙasar da yake takawa tana cikin wuraren da tarihin waɗannan dauloli ya gudana. Wannan giɓi ne ake fatan hotuna da finafinai su taimaka wajen cikewa, musamman da yake yanzu wayar hannu ta kawo taskokin Landan da Washinton har cikin aljihun malami.

Tarihin da ake son nunawa

Nguru ta daɗe tana mazaunin Galadiman Borno, wanda tun ƙarni na 17 Mai na Birnin Ngazargamu ya ɗora wa tsaron yammacin daula da lura da hanyoyin da suka nufi ƙasar Hausa. Yaƙe-yaƙen jihadi na farkon ƙarni na 19, waɗanda suka kai ga faɗuwar Ngazargamu a 1808, sun karya ƙarfin wannan sarauta, ta yadda lokacin da matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya ratso daga Kano zuwa Kukawa a 1851, ta Gumel da Machina, a Bundi ya tarar da Galadima. A ɗaya ɓangaren kuma, Badawa da suka sami kansu tsakanin Borno da sabuwar masarautar Haɗeja sun haɗa kai a ƙarƙashin Lawan Babuje, suka gina Gogaram da ganuwarta a shekarun 1820, kuma nan ce ta ci gaba da zama fadar Mai Bade har tsakiyar shekarun 1940 da aka mayar da hedikwata Gashuwa. Zuwan Turawa ya sake fasalin yankin ta hanyoyi biyu: iyakar da Ingila da Faransa suka shata tsakanin 1906 da 1908, wadda ta raba Mangawa gida biyu, da kuma layin dogo daga Kano wanda ya iso Nguru a 1930, ya mayar da ita matattarar gyaɗa da ƙaro da fatu da dabbobi da busasshen nama, ya kuma jawo mata 'yan kasuwa da ma'aikata daga Kano da kudancin ƙasa da ƙetaren iyaka.

Abin lura shi ne rabin farko na wannan tarihi ya gudana ne kafin kyamara ta iso yankin. Babu hoton da zai nuna Lawan Babuje ko fadar Galadima ta dā. Abin da malami zai samu na wancan zamani bai wuce zane-zane da taswirorin littafin Barth na 1857 da 1858 ba, su ma wani mai zane ne a Jamus, Johann Martin Bernatz, ya ƙawata su daga ɗanyen zanen da Barth ya yi a hanya, sai kuma hoton da za a ɗauka yau na kufai da ragowar ganuwa.

Inda hotunan suke da waɗanda suka ɗauke su

Taskokin da malami zai iya kaiwa gare su ta intanet suna da dama. Gidan adana takardun gwamnatin Birtaniya ya saki dubban hotunan Ofishin Mulkin Mallaka a 2011 a ƙarƙashin shirin Africa Through a Lens. Kamfanin British Pathé ya ɗora finafinan labarai kimanin 85,000 a YouTube a 2014. Akwai kundin Colonial Film, wanda ya jera finafinai fiye da 6,000 na daular Birtaniya ko da yake kaɗan daga ciki ake iya kallo. Akwai kuma hotunan E. H. Duckworth, tsohon editan mujallar Nigeria, a Jami'ar Northwestern ta Amurka. A cikin gida akwai Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, inda fayilolin Lardin Borno suke, da Gidan Arewa da aka kafa a 1970, da ma'adanar finafinai ta Hukumar Finafinai ta Nijeriya a Jos. Halin da tsofaffin finafinan ƙasar nan suke ciki ya fito fili a labarin fim ɗin Shaihu Umar na Adamu Halilu na 1976, wanda aka daɗe ana ganin ya ɓace, sai da aka tsinci faifansa cikin tarin gwangwanaye a tsohon ginin sashen finafinai a Legas, aka gyara shi a Jamus, aka nuna a bikin finafinai na Balin a 2018.

Wanda duk ya nemi Arewacin Nijeriya a waɗannan taskoki zai ga abin da ya fi yawa shi ne Kano da Kaduna: dalar gyaɗa, marinar Ƙofar Mata, hawan dabar da aka yi wa Sarauniyar Ingila a 1956, jami'in Bature yana buɗe asibiti ko gada. Wannan ba tsautsayi ba ne, domin kyamara tana bin mai ita ne, mai ita kuwa yana zuwa inda gwamnati ke da abin nunawa. Sashen Finafinan Mulkin Mallaka da aka kafa a 1939 a ƙarƙashin William Sellers, wanda tsohon jami'in kiwon lafiya ne a Legas, an gina shi ne a kan ra'ayin cewa ɗan Afirka ba ya iya bin fim sai an sassauta tafiyarsa an rage masa dabaru, kuma finafinan da motocin majigi suka riƙa yawo da su garuruwa da ƙauyuka, kamar yadda Brian Larkin ya nuna a littafinsa Signal and Noise na 2008, darussa ne na tsafta da noma da biyayya ga hukuma, tare da mai sharhi a lasifika yana faɗa wa jama'a abin da ya kamata su gani. Babban haɗarin da ke gaban malamin yau shi ne ya zama wannan mai sharhi ba tare da ya sani ba, ya haska wa ɗalibai fim ɗin da aka shirya domin yabon mulkin mallaka, ya kuma miƙa musu shi a matsayin yadda rayuwa take a lokacin.

Haɗari na biyu ya fi wannan yawa a aikace, shi ne aron hoto. Malamin da bai sami hoton cinikin gyaɗa a Nguru ba zai ɗauko dalar Kano ya ce ga yadda abin yake, wanda bai sami hoton Gogaram ba zai nuna ganuwar wani gari, a hankali sai ɗalibi ya tashi da tarihin garinsu sanye da tufafin wani gari. A shafukan Facebook da zaurukan WhatsApp masu yaɗa tsofaffin hotuna lamarin ya fi muni, domin hoto guda yakan fito da sunayen garuruwa daban-daban da shekaru daban-daban, kuma yanzu an sami ƙarin hotunan da ƙirƙirarriyar basira ke haɗawa ko take shafa wa launi, waɗanda kan ba wa sarakunan da ba a taɓa ɗauka hoto ba fuska da rawani.

Isnadin hoto

Maganin wannan ba baƙon abu ba ne ga ɗaliban yankin, domin mafi yawansu sun ratsa makarantun Islamiyya, sun kuma san cewa malaman hadisi ba sa karɓar matani, wato lafazin magana, sai sun duba isnadi, wato jerin mutanen da maganar ta biyo ta hannunsu. Hoto ma yana da matani, shi ne abin da ido ke gani, yana kuma da isnadi: wanda ya ɗauka, da wurin, da shekarar, da wanda ya biya kuɗin aikin, da wanda ya rubuta bayanin da ke ƙasansa, da taskar da ta ajiye shi da lambar da ta ba shi. Hoton da ya zo da waɗannan duka ya cancanci a kafa hujja da shi, wanda wasu suka ɓace masa sai a yi amfani da shi da taka-tsantsan, wanda kuwa ya zo tsirara daga WhatsApp ba shi da matsayin hujja, sai dai ya zama abin da za a ba ɗalibai su bincika.

A aikace, darasin zai fara ne da hoto ɗaya ko yankin fim na minti biyu ko uku, ba fim sukutum ba, a kashe sautin sharhin, a bar ɗalibai su lissafa abin da suke gani kawai: irin tufafi, irin gini, wa ke tsaye wa ke durƙushe, wa ke kallon kyamara. Bayan haka a karanta musu bayanin da taska ta bayar, a kunna sharhin, su gwada abin da idonsu ya gani da abin da aka ce su gani. Tambaya ta ƙarshe, wadda ta fi sauran albarka, ita ce ta abin da aka bari a wajen hoto. Hoton tashar jirgi zai nuna taragu da buhuna, amma ba zai nuna harajin da ya tilasta wa manomi noman gyaɗa ba, ko matan da suka ɓare ta, ko masu raƙuma da jakunan da suka kawo ta daga ƙauyukan Manga. Haka nan ziyarar da Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila, ya kai wurin tsuntsaye na Dagona a 1989 irin ranar da masu kyamara ke hallara ce, amma masuncin da aka taƙaita wa kamun kifi a wurin ba shi ne aka je ɗauka ba. Binciken Richard Mayer a kan koyo ta hoto da magana ya tabbatar da cewa haɗa su biyun yana taimaka wa fahimta matuƙar ba a cika wa mai koyo kai da tarkace ba, wanda hakan ke ƙara nuna fifikon hoto ɗaya da aka tattauna sosai a kan hotuna talatin da aka haska a jere.

Kallon fadama daga sama

Akwai wata taska da malaman tarihi ba su cika tunawa da ita ba, alhali ita ce ta fi kowace wadatar bayani game da wannan yanki, kuma isnadinta ya fi na kowace inganci, wato hotunan da aka ɗauka daga sama. Taurarin ɗan'adam na Landsat suna ɗaukar doron ƙasa a kai a kai tun 1972, kuma tun 2008 hukumar Amurka mai kula da su ta buɗe taskar kyauta ga kowa. Hotunan leƙen asiri na shirin Corona, waɗanda aka ɗauka tsakanin 1960 da 1972, an cire musu takunkumi a 1995. Manhajar Google Earth kuma tana jera hotunan wuri guda shekara bayan shekara daga 1984. Kowane ɗaya daga cikinsu yana ɗauke da lokacin da aka ɗauke shi da daidai wurin, kuma na'urar da ta ɗauka ba ta fifita Kano a kan Gogaram.

Muhimmancin wannan ya danganta da cewa tarihin Nguru da Gashuwa na rabin ƙarnin da ya wuce tarihin ruwa ne. Kogin Haɗeja da na Jama'are suna bazuwa cikin fadamu kafin su haɗu su zama Komadugu Yobe a kusa da Gashuwa, kuma a kan ambaliyar shekara-shekara ta waɗannan fadamu noman shinkafa da su da kiwon rani suka dogara. An kammala madatsar Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992, dukkansu a Jihar Kano, sai yanayin gudun ruwa ya sauya: ambaliyar damina ta ragu, ruwa kuma ya riƙa gangarowa har da rani, wanda hakan ya ba ciyawar kacalla damar yaɗuwa ta toshe magudanai, ruwan ya karkata ta magudanar Marma zuwa tafkin Nguru yana cinye gonaki, yayin da wasu rassan kogi suka ƙafe. Shirin kare fadamun Haɗeja da Nguru da aka fara a 1987 ya yi shekaru yana auna faɗin ambaliya ta jirgin sama, kuma a 2000 aka sanya tafkin Nguru da magudanar Marma cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar.

Idan aka ajiye wa ɗalibai hotuna huɗu na wuri guda, na kafin Tiga, da na tsakiyar shekarun 1980, da na bayan Challawa, da na bana, za su ga sauyin da idonsu, amma darasin tarihi yana farawa ne daga tambayar dalili. Gina Tiga ya zo daidai da farin 1972 zuwa 1974, an kuma sake wani fari mai tsanani a 1984, saboda haka ɗalibin da ya ga fadama ta tsuke ba zai iya ɗora laifin duka a kan madatsa ko duka a kan ƙarancin ruwan sama ba, sai ya nemi wata shaidar. Akwai kuma tarkon wata: hoton Oktoba, lokacin da ambaliya ta cika, ba a gwada shi da na Afrilu, kuma ɗalibin da ya gano wannan da kansa ya koyi ka'idar kwatanci fiye da yadda lacca za ta koya masa. Daga nan sai a tura shi wurin kakansa ko sarkin ruwan garinsu ya tambayi shekarar da aka daina noma fadama kaza, da inda garken Fulani ke sauka a dā, da irin kifin da ya ɓace. Hoton sama yana ba da wuri da lokaci, dattijo yana ba da suna da dalili da abin da mutane suka ji a jikinsu, kuma inda su biyun suka saɓa nan ne aji zai fi daɗewa yana muhawara.

Taskar gida

Tunda abin da ke nesa bai wadatar ba, ya zama wajibi makarantun yankin su gina tasu taskar. Kayan aikin suna nan a gidaje: hotunan fadar Mai Bade da ta Sarkin Nguru, kundayen tsofaffin ma'aikatan reluwe da na En'e, ajiyar masu shagunan ɗaukar hoto, bidiyon bikin kamun kifi na Bade da ake yi a Gogaram, rahotanni da hotunan shirin raya yankin hamada na NEAZDP da ya yi aiki daga Gashuwa tun 1990, da kasakasan waƙoƙi da wa'azi. Game da harshe, aikin da Russell Schuh da Alhaji Maina Gimba suka jagoranta a kan harsunan Yobe daga 2001 ya samar da ƙamusun Badanci na karin yamma da na Gashuwa, wanda hakan ke sauƙaƙa rubuta bayanin hoto da sunayen da masu wurin ke kiran abubuwa, ba da Hausa ko Ingilishi kaɗai ba. Hotunan tono kwalekwalen Dufuna, wanda aka gano a 1987 aka fito da shi a 1994 kuma shekarunsa suka haura 8,000, misali ne na kayan jihar da isnadinsu ya cika, kuma suna ba ɗalibi damar ganin cewa zirga-zirga a kan rafukan Yobe ta girme dukkan daulolin da ke cikin littafinsa.

Jami'ar Tarayya ta Gashuwa da aka kafa a 2013 da Kwalejin Ilimi ta Umar Suleiman su suka fi dacewa da riƙe uwar taska, tare da sanya ɗaliban koyon malanta su yi aikin tattarawa a matsayin wani ɓangare na horonsu. Ba a bukatar karɓe wa kowa hotonsa. A ɗauki kwafinsa da waya a gaban mai shi, gaba da baya, domin sau da yawa a bayan hoto ake samun hatimin shago da kwanan wata, a kuma rubuta abin da mai shi ya faɗa tare da bambanta abin da ya gani da idonsa da abin da aka gaya masa. Matsalar wutar lantarki da tsadar data gaskiya ce, sai dai yankin ya riga ya warware irinta ta wata fuska, tunda finafinan Hausa da na Indiya suna isa ƙauyuka ne ta katin memori da turi daga waya zuwa waya a shagunan caji. Taskar da aka tsara aji-aji za ta iya bin wannan hanya, kuma inda babu majigi ko sola, hoto guda da aka buga a babbar takarda ya ishi aji. Sharaɗi ɗaya shi ne a manna bayanin asali a jikin hoton kansa, saboda kada turi ya raba su.

Akwai hakkoki da dole a kiyaye. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta yi rangwame ga amfani domin koyarwa, amma wannan bai ba da izinin yaɗa kayan British Pathé ko na wata taska a kasuwa ba. Hotunan iyali, musamman na mata da na cikin gida, ba a saka su sai da yardar masu su, tare da fayyace musu ko a aji kaɗai za a nuna ko har a intanet. Abin da ya fi bukatar natsuwa shi ne tarihin kusa: hare-haren da jihar ta fuskanta, har da sace ɗalibai mata a Dapchi a Fabrairun 2018, suna da bidiyo masu yawa, wasu ma maharan ne suka ɗauka domin farfaganda, kuma a kowane aji ana iya samun wanda abin ya shafi gidansu. Ya dace uwar taska ta adana irin waɗannan a rufe domin masu bincike, kada su shiga katin da za a raba wa makarantun firamare da ƙananan sakandare, sannan kwamitin da ya haɗa malaman tarihi da wakilan masarautu da iyaye ya riƙa yanke abin da za a buɗe wa manyan ɗalibai da lokacin da za a buɗe shi.